Hanya, Fili da Takarda a Soba: Darasi Daga Gaɓar Shuɗin Nilu Game da Zaman Hausawa a Sudan

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki Soba, wani matsuguni da ke gaɓar Shuɗin Nilu kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da tsakiyar Khartum, ta bi diddigin rayuwa da mallakar fili da zirga-zirga a cikinsa, tun yana babban birnin daular Alwa har zuwa yaƙin da ya ɓarke a 2023. Hujjar da take kafawa ita ce, a wannan yanki hanya ce ke kawo mutane, ita ce kuma ke ɗaga darajar ƙasa, amma takardar hukuma ce ke yanke wanda zai zauna da wanda za a tasa. Daga nan ta juya kan Hausawan Sudan, waɗanda suka haura ƙarni guda suna noma a gaɓar wannan kogi, ta nemi manazarta su faɗaɗa kallon da suke yi musu, su gan su a matsayin masu gona da gida da haƙƙi.

Gabatarwa



In aka ambaci Hausawan Sudan a taron manazarta, hankalinmu kan tafi Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala. Zaɓen Soba yana da dalili. Ba garin Hausawa ba ne, amma yana zaune a bakin ƙofar Khartum ta kudu, daidai inda jirgin ƙasa da kwalta da kogi ke fita su nufi Jazira da Sinnar, wato ƙasar da Hausawa suka fi yawa a tsakiyar Sudan. Sannan a cikin ɗan taƙin wurin an tara kusan duk nau'in mallakar ƙasa da ake da su a Sudan: gonar gado mai rajista, filin gwamnati da aka yanka aka raba, kufai mai kariyar dokar kayan tarihi, da unguwar da talakawa suka kafa da hannunsu ba da izinin kowa ba. Wanda ya fahimci yadda waɗannan huɗu ke gogayya a Soba ya kama bakin zaren matsalar da ke ci wa Hausawan can tuwo a ƙwarya.

Soba biyu ce. Akwai ta gabas da kogi, inda kufan tsohon birni yake, akwai kuma ta yamma, wadda Khartum ta riga ta haɗiye.

Kufan Alwa

A shekara ta 580 wani limamin Kirista mai suna Longinus ya iso ƙasar Alwa ya yi wa sarkinta baftisma. Daga nan Soba ta yi ƙarnoni tana birnin daular Kirista mafi kudu a cikin daulolin Nubiya uku. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim al-Aswani, manzon Fatimawan Masar, ya bayyana ta da cewa gari ne mai manyan gine-gine da majami'u da lambuna, har da unguwa guda ta Musulmi. Littafinsa ya ɓata, amma al-Maƙrizi ya adana sassa daga cikinsa. Wannan unguwar Musulmi ta cancanci a tsaya a kanta: shekara dubu da suka wuce, Soba ta san baƙo ɗan kasuwa, ta kuma ware masa zango.

Tarihin daular Funj ya ɗora faɗuwar birnin a kan 1504, a hannun Amara Dunƙas da Abdullahi Jamma'a, ko da yake masana da dama na ganin garin ya daɗe da raunana kafin nan. Bakin mutanen Sudan kuwa ya ɗora laifin a kan wata tsohuwa mai suna Ajuba, wadda aka ce ta haɗa manyan gari faɗa da makircinta, har sunanta ya zama abin buga misali ga duk mai rusa zaman lafiya. David Reubeni, wani matafiyi Bayahude da ya ratsa a 1523, kufai ya tarar.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar maganarmu. Da Turkawan Masar suka kafa Khartum bayan 1821, sai aka riƙa lodin jan bulon Soba a jiragen ruwa ana gangarowa da shi ana gina sabon birni. Bayan Mahadi ya ci Khartum a Janairun 1885, Halifa Abdullahi ya mai da mazauni Umdurman, aka kwashe kayan ginin Khartum aka haye da su. Ke nan tun fil azal Soba ma'ajiya ce da birni ke ɗiba daga cikinta: da fari bulo, daga baya madara da kayan lambu da ƙwadago, a ƙarshe kuma filin kansa.

P. L. Shinnie ya yi haƙa a wurin a farkon shekarun 1950. Derek Welsby da abokan aikinsa sun ci gaba tsakanin 1981 da 1992, suka tono harsashin manyan majami'u na jan bulo, da allon kabarin wani sarki mai suna Dawuda, da gilasai da tangaran da aka shigo da su daga nesa. An ƙiyasta faɗin tsohon birnin da kusan hekta 275. Lokacin da masu bincike daga Poland ƙarƙashin Mariusz Drzewiecki suka koma tun daga 2019, sun iske gidaje da gonaki da tituna sun cinye babban ɓangare na wannan fili. Duk Bakanon da ya ga yadda badala ta koma shaguna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Gaɓar kogi

Shuɗin Nilu daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwa da laka a lokacin cika. Yakan tumbatsa a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, ya fara ja da baya wajen Oktoba. Ƙasar da ya janye ya bari, wadda mutanen can ke kira jaraf, ita ce fadamarsu. Baƙa ce, mai danshi, ba ta neman taki. Manomi na bin ruwa a baya, yana shuka sahu-sahu gwargwadon yadda gaɓa ke bushewa: kuɓewa, tumatir, albasa, lalo, kabewa. Can sama da gaɓa, inda sai da injin ban-ruwa, akwai lambunan lemun tsami da mangwaro da gwaiba, da gonakin ciyawar barsim da dawar dabbobi da ake kira abu sab'in, waɗanda ke ciyar da garken shanun madara na gefen birni.

Mallakar irin wannan ƙasa tana da nata tsari. Ana lissafi da faddan, wanda ya kai murabba'in mita 4,200, a kasa shi ƙiraɗi 24. Gado kan bi ta kan gona tsara bayan tsara har rabon mutum ya zama ɗan siririn zirin da ba ya isa a ja masa iyaka, sai dangi su bar ta a dunƙule, ɗaya ya noma a raba amfani. Kogi kuma ba ya tsayawa wuri guda: bana ya ci gaɓar wani, baɗi ya tara wa wani sabuwar ƙasa. Don haka al'adar mutanen Nilu ta tanadi abin da suke kira haƙƙin ƙusad, wato duk ƙasar da ta fito daura da gonarka, kai ne mafi cancanta da ita. Ka'ida ce mai kyau, sai dai tana aiki ne ga wanda kakansa ke da gona a gaɓa tun asali. Wanda ya zo daga baya, komai daɗewarsa, haya ko noma-mu-raba ko ƙodago ne rabonsa.

Sana'a ta biyu a gaɓar ita ce ƙona bulo, kuma ya kamata a dube ta da kyau. Mai gona kan ba da hayar bakin gaɓarsa ga mai kamina, wato matoyar bulo. Ma'aikata su haƙo lakar da ambaliya ta ajiye, su cuɗa ta da kashin dabbobi da ruwa, su tattake da ƙafa, su bar ta ta kwana. Da asuba mai bugu ya tsuguna, ya cika ƙwaryar katako da laka, ya shafe samanta da tafin hannu, wani ya ɗauka da gudu ya kife a fili ya dawo. Haka za su yi ta yi har rana ta take. In bulo ya sha iska ya bushe, sai a jera shi tsibi guda mai tsayi, a bar ƙofofin wuta a ƙasa, a yaɓe bayansa da laka, a cusa itacen bagaruwa a kunna, a yi ta ƙara itace har ya yi ja. A kan dubu ake biyan ma'aikaci, ba a kan yini ba. Galibinsu 'yan ci-rani ne daga yammaci da kudancin ƙasar, suna kwana a bukkoki a gefen matoyar, ruwa na dawowa kuma aiki ya tsaya. Da wannan bulo aka gina mafi yawan gidajen Khartum, amma da wuya ka ga mai bugunsa ya kwana a ɗakin da aka yi da shi.

Yanzu ga wani sabon al'amari. Tun Yulin 2020 Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta ta Nahda a kan wannan kogi. Madatsar na daidaita gudun ruwa, abin da zai amfani mai injin ban-ruwa, ya kuma rage ɓarnar ambaliya irin ta 1988 da ta 2020. Amma tana riƙe laka. Ba laka, ba jaraf mai albarka, ba kuma bulo. In gaɓa ta daina ciyar da mai ita, abin da ya rage masa shi ne ya sayar wa mai son gina gida a bakin ruwa.

Hanya

A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka ja layin dogo daga Khartum zuwa kudu, ya bi ta Soba ta yamma, ya ratsa Wad Madani da Sinnar da Kosti, ya isa El-Obeid a ƙarshen 1911. Wannan ya sauya tafiyar alhazanmu. Mai niyya daga Kano ko Katsina ko Damagaram kan bi ta Maiduguri, Fort Lamy, Abeche, Adre, Janaina da Fashir a ƙafa ko a kan jaki, daga baya a mota, in ya kai El-Obeid da guzuri a hannu ya hau jirgi. Kafin a haɗa Sinnar da Gadarif da Kasala a ƙarshen shekarun 1920, dole jirgin ya bi ta Khartum da Atbara kafin ya kai bakin Bahar Maliya. Ke nan kakanninmu da yawa sun wuce ta tashar Soba, sun leƙo ta taga sun ga gaɓar nan.

Daga baya kwaltar Khartum zuwa Madani ta karɓe ragamar. Manyan motocin safa da ke tashi daga tashar Mina al-Barri ta nan suke fita. A cikin unguwanni kuwa ƙananan bas ne da raksha, wato a-daidaita-sahu, da keken jaki da suke kira karo. Sai hukumomi suka yi ta sauka a Soba ta yamma saboda yalwar fili: asibitin koyarwa na Jami'ar Khartum a 1975, cibiyar binciken cututtukan dabbobi, wurin sauke kwantenoni na kwastan, masana'antu, gidan yari, filin wasan golf na Fenti, da ofishin jakadancin Amurka da ya koma can a 2010.

Soba ta gabas ta daɗe tana ƙauye, domin mai mota sai ya zagaya ta gadojin cikin gari kafin ya kai ta, mai ƙafa kuma ya nemi kwale-kwale. A 2017 aka buɗe gadar Soba. Nan take gonar da jiya ake auna ta da buhun albasa ta koma ana auna ta da mita.

Doka, da abin da ya faru a Soba Aradi

Dokar rajistar filaye ta 1925 ta ba masu gonakin gaɓar Nilu dama su rubuta mallakarsu. Waɗanda suka amfana su ne mutanen kogi na tsakiya da arewa. Sauran ƙasar, wadda ita ce mafi rinjaye nesa ba kusa ba, ta ci gaba da tafiya bisa al'ada. A 1970 gwamnatin Numairi ta kafa dokar da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ta maye gurbinta, ta yarda mutum na da haƙƙin cin moriya, amma asalin mallaka ya zauna a hannun hukuma. A farkon shekarun 1990 aka ƙara gyaran da ya hana kotu sauraron ƙara a kan filin gwamnati. Mu a Najeriya mun san ƙanwar wannan doka, wato dokar amfani da ƙasa ta 1978, mun kuma san bambancin awon gwamnati da awon igiya. A Khartum takardar da ke kwantar wa mutum da hankali ita ce shahadat bahas daga ofishin rajista. Wanda ba shi da ita, abin da ke hannunsa hiyaza ce kawai, wato shaidar cewa shi ke zaune a wurin, sau da yawa da sa hannun kwamitin unguwa.

Ana cikin haka birni ya kumbura. A ƙidayar 1956 garuruwan uku, Khartum da Umdurman da Bahri, ba su wuce mutum dubu 250 ba. A 1993 sun kusa miliyan 3. A 2008 jihar Khartum ta haura miliyan 5. Yunwar 1984 zuwa 1985 ta koro mutanen Kordofan da Darfur, yaƙin Kudu da na Duwatsun Nuba ya koro wasu. Ba wanda ya tanadar musu fili. Suka sauka a bayan gari, suka kafa bukkokin buhu da kwali, sannu a hankali suka mai da su ɗakunan ƙasa. Hukuma ta raɗa wa irin waɗannan unguwanni suna ashwa'i, ma'ana zaman kara-zube.

Soba Aradi ɗaya ce daga cikinsu. A wancan lokaci dubban iyalai ne, mafi yawa daga Kudu da Nuba da Darfur. Ruwan sha daga ganga a kan keken jaki ake saye, kuma talakan da ke nan yakan biya kuɗin ruwa fiye da mai famfo a cikin gari. Matan na wanki da shara a gidajen masu hali ko sayar da shayi a bakin titi, mazan na gini da gadi da bugun bulo. Kusancin wurin da aiki shi ne dukiyarsu. Shi ne kuma ya jawo musu ido, domin filin ya yi tsada.

Tun zamanin da Sharafuddin Bannaga ke riƙe da ma'aikatar tsara birni ta jihar, a shekarun 1990, manufar hukuma ita ce a rushe, a yanka, a sake rabawa, a kwashe waɗanda ba su cancanta ba zuwa sansanoni irin su Jabal Auliya da Wad al-Bashir da Darus Salam. Gaskiya ne mutane da yawa sun sami fili mai takarda ta wannan hanya, kuma ba daidai ba ne a ɓoye hakan. Amma sharuɗɗan cancanta sun haɗa da takardar zama ɗan ƙasa da shaidar aure da shaidar daɗewa a wurin, ga kuma kuɗin da za a biya. Wanda ya tsero daga ƙauyen da aka ƙone, ina ya ga waɗannan?

Ranar 18 ga Mayun 2005 'yan sanda suka shiga Soba Aradi da motoci, mazauna suka fahimci kwashe su aka zo yi, rikici ya kaure. An ƙone ofishin 'yan sanda, 'yan sanda 14 suka mutu tare da mazauna da dama, aka kama ɗaruruwa. Wannan ya faru ne wata huɗu kacal bayan sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Naivasha. A wancan lokaci wurin da ake kai waɗanda rusau ya shafa shi ne al-Fatah, can arewa da Umdurman cikin fako, inda kuɗin motar zuwa aiki ya isa ya cinye abin da mutum zai samo a yini. A ganina wannan ne zaluncin da ba a cika lissafawa ba. Ko an ba mutum fili, in an raba shi da hanyar abincinsa, ba a ba shi komai ba.

Inda Hausawa suka shigo

Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906. Sun tarar da 'yan'uwa da suka riga su, wasu kuma suka yi ta biyo baya. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shuka da cira. Kaɗan sun sami hawasha, wato kason gona a gandun, musamman lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 masu ita suka watsar. Mafi yawa sun tsaya a matsayin 'yan ƙodago da masu noma-mu-raba, a ƙauyukan gefen magudanan ruwa, a kan ƙasar da ba a rubuta da sunansu ba.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. A duba wannan rana da kyau: ta bar mutanen Burmi a waje da shekara shida. An sassauta zuwa 1924 a shekarun 1970, sannan dokar 1994 ta matsar da ita zuwa 1 ga Janairun 1956. Amma shekarun da aka yi rabon hawasha da filayen gidaje da rajistar gonaki sun riga sun wuce, an yi rabo ba su nan. A Khartum ma haka. Unguwar Ishash Fallata, tsohon mazaunin mutanen Afirka ta Yamma a kudancin birni, an tashe ta a farkon shekarun 1990 aka mai da mutanenta al-Inƙaz, can kusa da unguwar Mayo, a ɗamarar kudancin birni da Soba ke gefenta na gabas. Tsohon wurin ya zama unguwar Nuzha.

A nan nake da magana da mu manazarta. Ayyukan da muka fi dogara da su, na Umar al-Naƙar a 1972, da J. S. Birks a 1978, da C. Bawa Yamba a 1995, duk ta ƙofar aikin hajji suka shiga. Ayyuka ne masu daraja, ba mai musun haka. Yamba ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen alhazai a ƙauyukan Jazira ke cewa har yanzu a kan hanya suke, har wasu na kauce wa gina gida mai ƙarko don kada ya zama sun yada zango ke nan. Ban ƙaryata niyyar bayin Allah ba. Amma ina tambaya: mutumin da ke zaune a ƙasar da za a iya tashinsa gobe, wane dalili zai sa ya sayi jan bulo? Mai yiwuwa ne tsoron Allah da tsoron rusau sun haɗu a ɗaki guda, mu kuma muka rubuta ɗaya muka bar ɗaya. Mark Duffield, a littafinsa na 1981 kan Mai Wurno, ya fi kusa da wannan tambaya da ya dubi gona da ƙodago da jari. Farfesa al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum kuma ya nuna yadda Hausar can ta sha Larabci har ta zama ta wurin. Harshen da ya yi haka ba na mai wucewa ba ne.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Muddin rubuce-rubucenmu suka ci gaba da gabatar da Bahaushen Sudan a matsayin baƙon da bai ƙarasa tafiyarsa ba, muna miƙa hujja ga mai cewa ba shi da ƙasa. Kuma wannan ba zancen takarda ba ne kawai. A Yulin 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, waɗanda ke ganin ƙasar tasu ce suka ƙi, domin a tsarin can sarauta da ƙasa tare suke tafiya. Aka yi ta kashe-kashe a Rusairis da Damazin da kewaye, sama da mutum 100 suka mutu. A Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, inda aka rasa kimanin 200. Dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da wasu garuruwa.

Yaƙi, da wanda zai dawo

Safiyar 15 ga Afrilun 2023, harbe-harben farko na yaƙin sojan Sudan da dakarun RSF a kudancin Khartum aka ji su, wajen Birnin Wasanni da sansanin RSF na Soba. Yadda kowa ya fita ya nuna matsayinsa. Ma'aikatan jakadancin Amurka jirage masu saukar ungulu ne suka ɗauke su daga Soba mako guda da fara yaƙin. Ɗalibanmu na Najeriya sun taru a Jami'ar Afirka ta Duniya, motocin farko suka tashi ranar 26 ga Afrilu, suka yi kwanaki a iyakar Masar cikin wahala, rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Masu hali na Khartum suka nufi Alƙahira ko Port Sudan. Mutanen ɗamarar kudu, har da Hausawan cikinsu, ba jakadan da zai aiko musu mota, domin ƙasarsu ke nan. Masu ɗan abin hannu suka bi hanyar Madani, sai ga Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, suka sake ɗaukar kaya. Marasa shi suka zauna, suna ci daga tukunyar takiyya, wato girkin sadaka da matasan unguwa ke dafawa. A Satumbar 2023 harin sama a wata kasuwa a Mayo ya kashe sama da mutum 40.

Soja sun gama karɓe gadar Soba da sauran Khartum a Maris na 2025. Mutane sun fara komawa, kuma a shekarar hukumomin jihar suka sake ɗaga maganar rushe unguwannin ashwa'i da kwashe baƙi marasa takarda, suna danganta su da rashin tsaro. Mai shahadat bahas zai dawo ya tarar an wawashe gidansa, amma filin nasa ne. Mai hiyaza kuwa zamansa a wurin shi ne hujjarsa, kuma yaƙi ya katse zaman. Wanda ya gudu ya rasa shaidar zama, wanda ya tsaya ana yi masa kallon ya zauna da abokan gaba.

Akwai wata ƙofa a fiƙihun da mu da su muke bi. Mazhabar Malikiyya ta san raya mataccen fili, ta kuma san hauzi, wanda alƙalanmu ke hukunci da shi har gobe: in mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awar mallaka yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma ba abin da ya hana shi, to da'awarsa ta faɗi. Dokar hukuma ta toshe wannan ƙofa a kan filin gwamnati, amma duk ranar da aka zauna sasanta ƙasa bayan yaƙi, da irin wannan ma'auni za a iya kare mai zaman shekara 40 ko 100. Sai dai hauzi shaida yake so, shaidun kuwa tsofaffi ne, kuma yaƙi da hijira na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ina roƙon sassan Hausa da na tarihi da na shari'a a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi su haɗa hannu da takwarorinsu na Khartum da Jazira da Sinnar a kan aiki ƙwaya ɗaya: a bi unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, daga al-Inƙaz da Mayo har Mai Wurno da Wad al-Mahi, a rubuta wa ya fara sauka, wane shehi ko omda, wato dagaci, ya ba shi wuri, a wace shekara, da wane sharaɗi, su wa suka shaida, ina maƙabarta take, yaushe aka haƙa rijiya, yaushe aka kunna wutar makarantar allo. A ɗauki hoton duk wata rasit ta haraji ko ta lantarki da ta tsira. A ajiye kwafi a wajen Sudan, a kuma bar kwafi a hannun masu unguwannin da Larabci, yadda za su iya shiga da shi gaban alƙali.